Tsofaffin Kyamarori Sun Sake Samun Kasuwa

Abin da ya sa muka tsoma baki cikin wannan zance shi ne, samarin ƙasashen Turai da Amurka da Japan sun komo suna neman kyamarorin da iyayensu suka jefa cikin adaka, har tsada ta shiga tsofaffin kaya. Da wuya a ce a yi zaton haka, gama a 2009 kamfanin Kodak ya daina yin fim ɗinsa mai launi, watau Kodachrome, a 2012 kuwa ya faɗa hannun kotu saboda bashi. Amma a 2018 sai ga shi ya komo da wani fim nasa mai suna Ektachrome, domin masu saye sun yawaita.

To, mene ne sirrin? Yawancinsa yana cikin gilashin da ke bakin kyamara. Irin wanda ake kira Tessar, wani Bajamushe mai suna Paul Rudolph ne ya ƙaga shi a 1902, gilasai huɗu kurum aka haɗa, kuma har yau wanda ya ɗauki fuskar mutum da shi ba ya jin kunya. Na Rasha da ake kira Helios-44 yakan murɗa abin da ke bayan mutum ya zama kamar guguwa. Masu ƙira aibi suka ɗauke shi, ga shi yanzu saboda aibin nan ake sayensa. Mu dai a ganinmu ana zuzuta wannan fiye da kima.

Abin da ya fi burge mu, mu da sana'armu horon malamai ce, shi ne ladabin da fim ke koya wa hannu. Rolleiflex hoto 12 take ɗauka a naɗi guda, Leica 36, ba kuwa a ganin kome sai an wanke. Saboda haka tilas mutum ya auna haske kafin ya danna. Ƙa'idar tsofaffi ita ce, in rana ta take, a tsuke ƙofar gilashi zuwa 16, a sa saurin murfi daidai da lambar fim. In lambarsa 100 ce, kashi ɗaya cikin 125 na daƙiƙa ya wadatar. Malamin da ya gane wannan ya sami darasin lissafi da na haske a lokaci guda.

Sai dai ƙasarmu ba ta rangwanta wa kayan nan. Zafin bazara yana lalata fim, don haka a ajiye shi wuri mai sanyi. Da damina fumfuna kan yi saƙa cikin gilashi, in ta daɗe sai ta ci shi, ba gyara. Ƙurar hunturu kuwa a hure ta tukuna, kada a goge da bakin riga.

Akawuna masu riƙe da ɗakunan ajiya, su muke roƙo musamman. Seydou Keïta ya buɗe shagon hoto a Bamako a 1948, ya adana finafinansa da aka wanke dubbai, har aka zo aka buga su manya manya aka nuna a Faris a 1994. Lalle irin waɗannan suna nan cikin kabad na makarantu da ofisoshi, da fuskokin ɗalibai da hakimai da bukukuwan Salla. Wanda ya tarar da su kada ya ƙone, ya kama su ta gefe, ya sa kowane cikin ambulan, ya rubuta shekara da sunan gari tun masu tunawa suna da rai.