Madaki Auwa: Shin da gaske matar Sarki Rumfa 'yar Askiya ce?

Idan aka bai wa ɗalibin Kaduna Polytechnic da ke Tudun Wada aikin gida kan matan da suka yi fice a tarihin ƙasar Hausa, sunayen da wayarsa za ta fara kawo masa sanannu ne: Daurama, Sarauniya Amina ta Zazzau, sai Nana Asma'u. Idan ya zurfafa bincike zai ci karo da Madaki Auwa, wadda wasu ke rubutawa Hauwa, matar Sarkin Kano Muhammadu Rumfa. Sau da yawa da jimla ɗaya ake gabatar da ita: wai 'yar Askiya Muhammadu ce, sarkin daular Songhai, aka kawo ta Kano daga Gao.

Labarin na da daɗin ji, ga 'yar babban sarki, ga auren da ya haɗa masarautu biyu. Sai dai idan aka ajiye tsoffin littattafan da aka ciro shi daga cikinsu gefe da gefe, aka yi lissafin shekaru, sai a ga ɗinkin yana warwarewa.

Abin da Tarihin Kano ya ce

Babban madogara a kan Auwa shi ne littafin Tarihin Kano na Larabci, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908. Palmer ɗin nan shi ne daga baya ya zauna a Kaduna yana shugabantar gwamnatin Arewa daga 1925 zuwa 1930. Bisa lissafin shekarun da aka saba amfani da shi, Rumfa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Shi ya gina Gidan Rumfa, ya faɗaɗa ganuwa, ya kafa Kasuwar Kurmi da majalisar Tara ta Kano, kuma a kansa littafin ya ɗora fara al'adar kulle.

To a gidan sarkin da ya fara kulle ne aka samu matar da littafin ya fi ba da labarin ƙarfin ikonta. Ya ce ita ce mahaifiyar Sarki Abdullahi, wanda ya gaji Rumfa ya yi shekara goma, daga 1499 zuwa 1509. Ya ce maganarta na da nauyi a wurin masu mulkin zamanin, har ta gina gidan da ake kira Gidan Madaki Auwa. Laƙabin ma abin lura ne, domin a Kanon yau Madaki sarautar maza ce, kuma mai riƙe da ita yana cikin masu zaɓen sarki.

Inda aka ga ainihin ƙarfinta shi ne lokacin da Abdullahi ya fita yaƙi, ya nufi Katsina, daga can ya wuce Zazzau. A bayansa sai Dagaci ya fara shirin tawaye. Wannan Dagaci ba ƙaramin mutum ba ne: gidansa ya samo asali ne daga wani basaraken Barno da ya zo Kano tun zamanin Sarki Dauda, ya tara dukiya da jama'a. Da sarki ya dawo, sai ya tarar mahaifiyarsa ce kaɗai ta hana garin kamawa da wuta. Rikicin ya jawo Sarkin Barno ya taso da runduna, Abdullahi ya fita da malamansa ya ƙasƙantar da kai har baƙon ya juya. Yana juyawa sarki ya yi wa Dagaci dabara ya tuɓe shi, ya naɗa bawansa a kujerar.

Auwa ta kai har zamanin jikanta Muhammadu Kisoki, wanda ya hau a 1509. Littafin ya ambaci mutum uku da suka tsaya masa: mahaifiyarsa Iya Lamis, kakarsa Madaki Auwa, da wani Guli, ɗan'uwan Auwa.

Duk wannan bayanin, littafin bai faɗi sunan mahaifinta ba, bai ce daga Gao ta zo ba. Hasali ma bai ba da labarin wani yaƙi da Songhai ta kawo wa Kano ba.

To daga ina Askiya ya shigo?

Daga Italiya. Alhasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, haifaffen Granada ne da ya tashi a Fas ta Maroko. 'Yan fashin teku suka kama shi a 1518 suka kai shi wurin Fafaroma Leo na 10. A can ya rubuta littafin bayanin Afirka, ya kammala a 1526, aka buga a birnin Venice a 1550.

A cikinsa ya ce Askiya ya yi wa Kano ƙawanya har ya ci ta, ya tilasta wa sarkinta auren ɗaya daga cikin 'ya'yansa mata, tare da biyan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigar ƙasar kowace shekara. Bai faɗi sunan sarkin ba, bai faɗi na amaryar ba.

Wato littafi ɗaya yana da babbar mace wadda bai faɗi ubanta ba, ɗayan kuma yana da uba da 'yar da bai faɗi sunanta ba. Na baya suka ga guraben sun dace, suka haɗa su.

Matsalar tana wurin shekaru. Askiya Muhammadu ya karɓi mulki ne a 1493, shekara shida kacal kafin rasuwar Rumfa. Da a ce a cikin waɗannan shekarun aka ɗaura auren, da Abdullahi bai wuce ɗan shekara biyar ba ranar da ya hau gado, alhali ga shi yana jagorantar yaƙi, kuma bayan shekara goma ɗansa ya gaje shi.

Akwai hanya ɗaya da lissafin zai iya tsayawa, da ƙyar. An haifi Askiya wajajen 1443. Idan ya haifi 'ya da wuri, aka aurar da ita da wuri, ita ma ta haihu da wuri, Abdullahi zai iya kai shekara ashirin da 'yan kai a 1499. Amma a lokacin irin wannan auren Askiya bai zama Askiyan da ake magana ba, kwamanda ne kawai a ƙarƙashin Sonni Ali. Ke nan babu ƙawanya, babu haraji, babu komai na labarin al-Wazzan.

Littafin Tarikh al-Sudan na Tambutu kuwa, wanda ya bi yaƙe-yaƙen Askiya shekara bayan shekara, Katsina ya ambata, wajajen 1513 zuwa 1514. Idan a wannan fitar ce aka taɓa Kano, to Kisoki ne ke kan mulki, Rumfa ya yi shekara goma sha huɗu a kabari. Amaryar za ta zama matar jikan Auwa ce, wadda a wasan Hausawa kaka ke kira kishiyarta. Masanin tarihi Humphrey Fisher ma ya yi rubutu a 1978 yana shakkar cewa Songhai ta taɓa cin ƙasar Hausa yadda al-Wazzan ya faɗa. Ko da ta ci, abin bai daɗe ba, domin wajajen 1517 Kanta na Kabi ya ɓalle ya tsaya a tsakaninsu.

Alaƙar da ta tabbata tsakanin fadojin biyu ta malami ce. Shehu al-Maghili ya zauna a Kano ya rubuta wa Rumfa littafi kan wajibban sarki, daga baya ya wuce Gao ya amsa tambayoyin Askiya.

Wata mai kama da ita a Kustantiniyya

Irin wannan ruɗanin asali bai tsaya kan Kano ba. Wajen shekara 400 kafin Auwa, an yi wata sarauniya a daular Rumawa ta Gabas da har yau ake kira Mariya ta Alaniya, alhali 'yar Jojiya ce. Mahaifinta shi ne Sarki Bagrat na 4, mahaifiyarta Borena ce ta fito daga Alaniya, sai sunan dangin uwa ya bi ta.

An aurar da ita ga Mika'ilu Dukas wajajen 1065, ya zama sarki shi kaɗai a 1071, shekarar da Turkawan Saljuk suka karya rundunar Rumawa a Manzikert. A 1078 wani tsohon janar, Nikeforos Botaniyates, ya kifar da mijin, aka tura shi gidan ibada, sannan ya aure ta alhali mijin na raye, abin da ya tayar da ƙura a coci. Da ta ga sabon mijin ba ɗanta Kustantin zai bar wa gado ba, sai ta mara wa Aleksiyos Komnenos baya, wanda ta riga ta ɗauka a matsayin ɗa, ya ƙwace mulki a 1081. Ya naɗa yaron abokin sarauta, ya yi masa baiko da 'yarsa Anna. Bayan an haifa wa Aleksiyos ɗa namiji a 1087, sai aka ture Kustantin gefe.

Bambancin shi ne Mariya ta samu wadda ta rubuta labarinta da ganin ido, domin Anna a hannunta ta yi ƙuruciya. Labarin Auwa kuwa baki da baki ya bi, har aka tattara shi a rubuce ɗaruruwan shekaru bayanta. Amma a wurin abin da kowacce ta sa a gaba, Auwa ta fi dacewa: ɗanta ya yi sarauta, jikanta ya yi fiye da shekara hamsin a kai.

Saura Guli. Da Auwa 'yar Askiya ce, da shi ma jinin gidan Gao ne, kuma zai yi wuya marubucin Kano ya manta da faɗar haka game da mutumin da ya ce ikonsa ya kai ko'ina a ƙasar, har ake kiran mashawartan sarki da Na-Guli. Bayan rasuwar Kisoki a 1565, Guli ya tuɓe ɗansa Yakufu bayan wata huɗu da kwana ashirin. Galadima ya ƙi yarda, aka kwana arba'in ana gwabzawa a cikin birni, har aka kashe Guli. Da aka nemi a mayar da Yakufu kan gado, sai ya ce ba ya so, ya koma wa karatunsa.