Gubar da ke kwance cikin lakar tabki

A ƙasar Dakoro, daga kwarin Tarka har zuwa Gulbin Kaba, babu kogin da ke gudu shekara duka. Idan damina ta sauka, ruwan gonaki da na hanyoyi yakan gangara ya taru a tabkuna. Nan dabbobin makiyaya ke sha, nan mata ke wanki, nan magina ke ɗibar laka. Amma tabki ba shi da mafita. Duk abin da ruwa ya kwaso, a cikinsa yake kwantawa.

Cikin abubuwan da ruwa kan kwaso akwai wasu magungunan ƙwari waɗanda ba sa ruɓewa da wuri. Manyansu su ne DDT, da dieldrin, da endosulfan, da lindane wanda aka fi sani da sunan Gammalin 20. Shekaru da dama an yi amfani da dieldrin wajen yaƙi da fari a ƙasashen Sahel, domin feshi ɗaya yakan daɗe yana kisa. Wannan daɗewar da aka so, ita ce ta zama illarsa. A 1991 sai da aka kwashe dubban litocinsa da suka rage a Nijar, aka kai Turai aka ƙone. A 2001 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Stockholm a kan irin waɗannan guba goma sha biyu, ta fara aiki a 2004, kuma Nijar na cikinta. An ƙara lindane a 2009, endosulfan kuma a 2011.

To, hani a takarda ba ya wanke ƙasa. DDT na iya yin shekaru a cikin ƙasa kafin rabinsa ya gushe, ko da yake zafin ranarmu yana rage shi da sauri fiye da ƙasashen sanyi.

Irin wannan guba ba ta son ruwa, mai take so. Saboda haka idan ta shiga tabki ba ta narkewa kamar gishiri. Takan manne wa ƙurar laka da ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi, ta nitse tare da su. Ruwan sama ya yi garau, mai kallo ya ce lafiya lau, alhali kuwa tana ƙasa.

A nan ne masana suke bambanta abu biyu: yawan gubar da ke cikin laka, da yawan wadda za ta iya shiga jikin mai rai. Baƙar laka mai yawan ruɓaɓɓen ganye takan riƙe guba gam, kuma gwargwadon daɗewarta, gwargwadon wuyar fitarta. Ƙasa mai yashi, irin wadda ta fi yawa a wajenmu, ba ta da wannan riƙo. Sannan ko wadda aka riƙe tana iya kuɓucewa. Idan garke ya shiga ya dama tabki da kofato, laka takan tashi, dabbobi su sha ruwa da ita. Idan rani ya yi tabkin ya ƙafe, gubar ba ta bi ruwa ta tafi ba. Tana cikin busasshiyar laka, tana jiran damina mai zuwa.

Babbar hanyarta kuwa ita ce abinci. Tsutsotsin da ke cin laka suna ɗaukar kaɗan. Kwaɗo da kifi su ci tsutsotsi da yawa, musamman tarwaɗa mai kiwo a ƙasan ruwa, da gaiwa wadda ke kwana cikin laka duk tsawon rani. Zalɓe da sauran tsuntsaye su ci kifi. A kowane mataki gubar na ƙaruwa, domin jiki ba ya fitar da ita da sauƙi, a kitse yake ajiye ta. A Amurka da Turai an tabbatar DDT ya sa ɓawon ƙwan tsuntsaye masu cin kifi ya yi laushi har yana fashewa a sheƙa. Saniya kuma takan fitar da ita cikin nono da man shanu. A jikin ɗan Adam tana iya taɓa hanta da jijiyoyi, kuma masana sun sa lindane cikin abubuwan da ke haddasa ciwon daji. Tana shiga nonon uwa ma, amma kada wata ta yaye ɗanta saboda wannan. Amfanin nonon ya fi.

Abin takaici, yawancin gubar da ke shiga ruwa hannunmu ne ke kai ta. Wani ya gama feshi ya wanke famfonsa a bakin tabki. Wani ya mai da bidon magani abin ɗibar ruwa. Wani ya zuba magani don kifi ya taso ya kwashe. Wani ya sayi kwalba marar suna a kasuwa domin ta fi araha, bai san abin da ke ciki ba.

Mai feshi ya wanke kayansa nesa da tabki da rijiya, ya huda bidon don kada wani ya ɗauka. Kada a ƙona leda da robobi a bakin ruwa, domin hayaƙinsu da tokarsu na ɗauke da irin wannan guba mai daɗewa. Kifin da aka tarar ya mutu da kansa, kada a ci, kada a ba kaji. Wanda kuma ya san inda tsohon tano ko buhun magani yake ajiye, kada ya binne shi ko ya zubar. Ya sanar da malamin gona na gundumarsa, shi zai kai maganar ga ma'aikatar kare tsirrai.