Safar Hannu a Hannun Ɗan Sandan Jos

A watan Janairun 1969 aka ɗauko wata ma'aikaciyar jinya 'yar mishan mai suna Laura Wine a jirgin sama daga garin Lassa, cikin jihar Borno ta yanzu, aka kawo ta asibitin mishan a Jos. Wani zazzaɓi ne ya kwantar da ita, irin wanda likitoci ba su san shi ba, kuma ba ta jima ba ta rasu. Nas ɗin da ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, tana da ɗan ƙaramin yanka a yatsa lokacin da take goge mata baki. Cikin 'yan kwanaki ita ma ta kwanta, ba ta tashi ba. Da shekara ta zagayo cutar ta sake ɓulla a asibitin Evangel, wanda mutanen gari suka fi sani da Jankwano, sai likitar asibitin, Dokta Jeanette Troup, ta yanke a hannu tana binciken gawar wani da cutar ta kashe, ta rasu a watan Fabrairun 1970. Ta wannan hanya duniya ta san zazzaɓin Lassa. Sunan na garin Lassa ne, amma a Jos aka fara ganin yadda cutar take fita daga jikin mutum ɗaya ta ratsa tsagar fatar wani ta kai shi kushewa. Don haka idan ana maganar ko ya dace ɗan sanda ya sa safar hannu a bakin aiki, babu garin da ya kamata ya ɗauki zancen da muhimmanci kamar Jos.

Asibitoci sun ɗauki darasin tuntuni. Yau ko a ƙaramin asibitin unguwa nas ba za ta wanke gyambo hannu tsirara ba, kuma babu majinyacin da zai ce ta wulaƙanta shi. Sai dai kafin mai rauni ya isa gaban nas, wasu hannuwa sun riga sun ɗauke shi daga titi, kuma galibi hannun ɗan sanda yana cikinsu. Ranar 20 ga Mayun 2014 bama-bamai biyu suka tashi a kasuwar Taminus, na biyun bayan jama'a sun taru suna ceton waɗanda na farko ya rutsa da su, aka rasa aƙalla mutum 118. A Yulin 2015 aka kai hari masallacin 'Yan Taya da gidan abinci na Shagalinku a titin Bauchi. Ranar 12 ga Yulin 2024 ginin makarantar Saint Academy a Busa Buji ya rufta kan ɗalibai, mutum 22 suka rasu. Ban da waɗannan manyan masifu, akwai na yau da gobe: motar da birki ya tsinke mata a Hawan Kibo, ɗan acaɓa da tirela ta kwashe, matashin da 'yan sara-suka suka yi wa jina-jina a lungu. A kowanne, kurtun ɗan sanda da 'yan agaji da masu wucewa ne suke cicciɓar mutane zuwa bayan motar sintiri. Doka ma ta ɗora masa nauyin: dokar tilasta kula da waɗanda aka harba ta 2017 ta ce kowa, har da jami'an tsaro, wajibi ne ya taimaki mai raunin harsashi ya ga an kai shi asibiti mafi kusa. Gwamnatin da ta wajabta wa ma'aikacinta tsoma hannu cikin jini, wajibinta ne ta ba shi abin da zai rufe hannun.

Mutane da yawa in sun ji maganar jini ƙanjamau ne yake faɗo musu a rai, alhali babban abin tsoro ga ɗan sanda shi ne ciwon hanta nau'in B. Babban binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin kowane 100 na manya suna ɗauke da ƙwayar wannan ciwo, yayin da masu ƙanjamau ba su kai 2 cikin 100 ba. Akasarin masu ciwon hantar ba su san suna da shi ba, domin yakan yi shekaru yana cin mutum a ɓoye. Idan allurar da ta taɓa jinin mai cutar ta soki wanda bai yi rigakafi ba, yiwuwar ya kamu tana tsakanin kashi 6 zuwa 30 cikin 100. Ga ƙanjamau kuwa kusan 3 ne cikin 1,000. Ƙwayar ciwon hanta tana iya kwana bakwai da ranta a busasshen jini, wato a kan ankwa, a ƙasan mota, a jikin wuƙar da aka ƙwace aka ajiye a caji ofis. Lafiyayyar fata garkuwa ce, wannan gaskiya ne. Amma wanda ya san hunturun Jos ya san yadda hannu yake yi daga Disamba zuwa Fabrairu. Gari ne da ke bisa tsauni, tsayin kusan mita 1,200, sanyi da iska suna busar da fata har ta dare a gaɓoɓin yatsu, kuma mai kwana a shingen bincike yana ɗumin wuta ya fi kowa faso. Kowace tsaga ƙofa ce. Kurtun da ya kwashi cutar ba shi kaɗai zai sha ta ba, zai kai ta bariki wurin matarsa, ita kuma tana iya ba jaririn da za ta haifa.

Duk da haka, masu ƙin safar hannu suna da hujja, kuma hujjar ba ta wasa ba ce. A wurinmu hannu mutunci ne. Da shi ake musabaha, da na dama ake miƙa abu ake karɓa, kuma wanda ya naɗe hannunsa da tsumma kafin ya taɓa ka ya gaya maka abin da yake ɗaukar ka ba tare da ya buɗe baki ba. Mun san irin ƙyamar da aka daɗe ana nuna wa kutare. An taɓa ganin wannan a bainar duniya a 1987, lokacin da tsoron ƙanjamau ya kai maƙura. A watan Yunin shekarar, 'yan sandan birnin Washinton suka sa dogayen safar hannu na roba masu ruwan ɗorawa suka kama masu zanga-zanga a ƙofar Fadar White House, mutanen da suka fito neman gwamnatin Amurka ta kula da masu cutar. Babu jini a wurin, kuma ba a ɗaukar ƙanjamau ta hanyar riƙe hannu, don haka abin da hotunan suka nuna ƙyama ce tsagwaronta. Watanni biyu kafin nan Gimbiya Diana ta je wani asibiti a Landan ta gaisa da mai cutar hannu da hannu babu safa, hoton ya zagaye duniya ya rage wa mutane tsoro. A Jos maganar ta fi haka zafi. Tun rikicin Satumban 2001, da na Nuwamban 2008, da na Janairun 2010, unguwanni sun rabu bisa addini, kuma kowane ɓangare yana lura da yadda jami'in tsaro yake mu'amala da nasa. Ɗan sandan da ya caje wani a Rayfield hannu sake, ya zo Gangare ko Angwan Rukuba ya zaro safa kafin ya taɓa mutum, ya kunna wutar da bai san iyakarta ba.

Amma a duba da kyau inda cin mutuncin yake. Yana cikin zaɓe ne, a ware wani a ce shi ne mai datti. Likitoci sun warware wannan matsala tun shekarun 1980 da ƙa'ida guda: a ɗauki jinin kowa a matsayin mai iya ɗauke da cuta, na attajiri da na almajiri, na fasto da na liman, domin ido ba ya gane mai ita. Ranar da safa ta zama ta kowa a asibiti, ranar ta daina zama zagi. Haka ya kamata rundunar 'yan sanda ta yi, ta rubuta a fili cewa aiki ne yake kiran safa, ba fuskar mutum ba. In akwai jini, ko amai, ko gawa, ko za a sa hannu cikin aljihu da jaka, a sa, ko wane ne. In tambayar hanya ce, ko duba takardun mota, ko zaman sulhu a ƙofar mai unguwa, a bar hannu sake a gaisa da mutane. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta riga ta buƙaci jami'i ya faɗi sunansa da ofishinsa da dalilin bincike kafin ya caje mutum. Ba wani nauyi ba ne ya ƙara da cewa, Malam, safar nan ƙa'ida ce, kariya ce gare ni da kai. Kuma kariyar ta ɓangare biyu ce da gaske, domin hannun da ya wuni yana karɓar takardu da makullan mota ba shi ya kamata ya danne buɗaɗɗen rauni ba. A ganina abin da ya fi zubar da ƙimar ɗan sanda a idon jama'a shi ne a gan shi tsaye da bindiga yana kallon mutum jini na zuba, yana jiran wani ya fara taɓawa. Sau da yawa tsoro ne ya riƙe shi ba mugunta ba, kuma safa biyu a aljihu za su iya cire tsoron.

Akwai wata safar da ba zan kare ba. Ita ce baƙa mai kauri, wadda aka ɗora wa tauri a kan gaɓoɓin yatsu, irin ta sojojin ƙundumbala a fina-finai, da wasu matasan jami'ai suke saye da kuɗinsu suna haɗawa da baƙin tabarau da ƙyallen rufe fuska. Tana da wurinta, kamar fasa ƙofa, ko hawa dutse bayan masu garkuwa da mutane, ko tarar jifa ranar tarzoma. A bakin kasuwa kuwa ba jini take tarewa ba, tunda yadinta ma yana shan jini ya riƙe. Abin da take faɗa wa mai kallo shi ne hannun nan a shirye yake ya kai naushi. Jama'ar da ta ga abin da ya faru a 2020 ba ta buƙatar ƙarin tsoratarwa. A makonni biyu na farkon kullen korona, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ce jami'an tsaro sun kashe mutum 18, adadin da ya zarce waɗanda cutar kanta ta kashe a ƙasar zuwa lokacin, sannan a Oktoba zanga-zangar EndSARS ta ɓarke, har Jos ta sha nata rabon. Rundunar da take cewa ɗan sanda abokin kowa ne tana da ikon hana wannan shiga a sintirin cikin gari. Mai neman ɗumi a daren hunturu ya sa ta ulu, mai ba da hannu a shataletale ya sa fararsa da direba yake hangowa daga nesa. Babu wanda waɗannan suke firgitawa.

Kullen korona ya kuma nuna yadda safa take zama illa in ba a san amfani da ita ba. Wanda ya sa guda tun safe, ya karɓi lasisin wannan, ya dafa ƙofar motar wancan, ya ɗaga waya, ya share gumi, ya mayar da ita abin raba ƙwayoyin cuta, kuma ya daina wanke hannu don yana jin a rufe yake. Safar roba ta mutum ɗaya ce: a gama da shi, a tuɓe ta a juye cikinta waje, a jefa inda yara masu tsince-tsince ba za su hura ta kamar balan-balan ba, a wanke hannu da sabulu. Kuma roba ba ta tare tsini. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da gwamnatin Najeriya a 2018 ya ƙiyasta mutum kusan 80,000 suna yi wa kansu allurar ƙwaya a ƙasar, ga reza da aska da matasa suke ɓoyewa a ƙugu da cikin safar ƙafa. Akwai safa ta musamman mai hana yanka, amma ko ita allura tana iya huda ta, saboda haka dabara ta fi kaya: a tambayi mutum ko akwai abu mai kaifi a jikinsa, a sa shi ya juye aljihunsa da kansa, kada a cusa yatsu inda ido bai gani ba. Sama da duka akwai allurar rigakafin ciwon hanta, sau uku cikin wata shida, wadda ya kamata a yi wa kowane kurtu kafin ya bar makarantar horo.

Wani amfanin da ba a cika ambata ba ya shafi shari'a. Wuƙar da aka yi kisa da ita tana ɗauke da zanen yatsun mai laifi, amma in ta bi ta hannun mutum biyar kafin ta isa sashen binciken manyan laifuka, shaidar ta lalace. A jihar da iyalai da yawa suke kukan an kashe nasu ba a hukunta kowa ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Za a ce rundunar da wasu ofisoshinta suke fama da kuɗin man mota da rufin bariki mai yoyo, ina ta ga ta safar hannu? Tambayar tana da nauyi, sai dai lissafin bai goyi bayanta ba. Kwalin safar roba guda ɗari ne a ciki, wato na mutum hamsin, kuma yana cikin kaya mafi araha a kowane kantin magani. Jinyar jami'i ɗaya da hantarsa ta lalace za ta sayi na caji ofis da yawa. Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda da aka kafa da doka a 2019 an yi shi ne don horo da kayan aiki da walwalar jami'ai, kuma safa ta shiga cikin dukkan ukun. Abin da bai kamata ba shi ne a bar wa kurtu ya saya daga albashinsa, domin a nan ne zaɓen zai dawo: mai guda biyu kacal zai adana su sai ya ga wanda yake ƙyama. Kwalejin horar da manyan jami'an 'yan sanda ta ƙasa tana nan Jos, kan hanyar Bukuru, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos yana Lamingo, na Bingham yana Jankwano. Manyan jami'an da suke zuwa kwas daga kowace jiha su ne za su koma su riƙe ofisoshi, kuma likitocin da za su koya musu yaushe ake sa safa da yadda ake tuɓe ta suna cikin gari ɗaya da su.