Yadda Ake Sabunta Bangon Katako a Amurka da Kanada

A Amurka da Kanada yawancin gidajen zama da katako ake gina su. A wasu gidajen, har bangon waje ma katako ne: allunan itacen sida da aka jera a kwance, na sama ya ɗan hau kan na ƙasa domin ruwan sama ya zarce. Sidar da aka fi so ita ce ja, wadda ke fitowa a gaɓar tekun Fasifik, a lardin Biritish Kolombiya da jihohin Washinton da Oregon. Tana da wasu sinadarai a jikinta masu hana ta saurin ruɓewa.

Duk da haka rana da ruwa ba sa raga mata. Rana tana cin saman katakon ya koma ruwan toka, danshi kuma ya kawo fumfuna. Kamar yadda muke yi wa gidan ƙasa yaɓe kafin damina, haka su ma suke sabunta shafen bangonsu bayan 'yan shekaru. Wanda ya yi sakaci, ruwa ya shiga katakon, to sai dai ya ciro allunan ya sayi sababbi, kuma sida ba ta da araha.

Abin da da yawa suke shafawa shi ne rini mai kauri. A ido kamar fenti yake, yana rufe launin katakon gaba ɗaya, sai dai bai kai fenti kauri ba, saboda haka ana ganin zanen jikin itacen ta ƙarƙashinsa.

A ganinmu, shafawar ce ƙaramin aiki. Babban aikin yana wajen shiri. Da farko ana wanke bangon. Idan an ga baƙin tabo, sai a ɗiga masa ruwan bilic: in ya yi haske nan take, fumfuna ce, in bai canza ba, datti ne ko wani abu dabam. Akwai injin feshin ruwa mai ƙarfi, amma sida tana da laushi, in aka matsa mata sai ya yage samanta ya cusa ruwa bayan allunan. Daga nan a kankare tsohon shafen da ya ɗago, a goge da sanfefa har a kai ga lafiyayyen katako, domin rini ba ya kama saman da rana ta cinye. Gidan da aka gina kafin 1978 sai an yi hattara: a shekarar ce Amurka ta hana fenti mai dalma a gidaje, kuma ƙurarsa guba ce, musamman ga yara.

Sai kuma jira. Dole katakon ya bushe, danshinsa ya sauka ƙasa da kashi 15 cikin ɗari. Akwai ɗan na'ura da ake aunawa da shi. In aka yi gaggawa, danshin da aka rufe a ciki zai tura shafen ya ɓare.

Ga wani abin mamaki da 'yan ajin kimiyya za su so. Sinadaran nan da ke kāre sida suna narkewa a ruwa. In aka shafa rini mai haɗin ruwa kai tsaye a kan tsurar katako, sai su tsattsafo su ɓata bangon da jan tabo. Shi ya sa ake fara yin shafen farko mai toshe su, galibi mai haɗin mai. Su ne kuma ke haɗuwa da ƙusar ƙarfe su bar baƙin layi, don haka ƙusar da ba ta tsatsa ake amfani da ita.

Ranar shafawa ana son bushewar gari, sanyi kada ya sauka ƙasa da digiri 10, kuma a bi ɓangaren da ke inuwa. Ana farawa daga sama, a ɗauki allo biyu ko uku a bi su daga wannan kusurwa har waccan ba tsayawa, in ba haka ba wurin da aka tsaya zai fito fili. Ko da inji aka fesa, sai an bi da burushi. Yawanci sau biyu ake shafawa. Ƙarshen allo, inda aka yanka, ya fi ko'ina shan ruwa, sai a ƙoshe shi sosai. Amma 'yar ƙofar da ke ƙasan kowane allo ba a toshe ta, ta nan ne danshin da ya shiga yake fita.