Gawo: Itacen Da Ya Ƙi Bin Damina

Duk wanda ya bi hanyar Nguru zuwa Gashuwa a watan Fabrairu, lokacin da sanyin hunturu ya fara ja da baya, zai ga ƙasa ta yi fari fat. An girbe gero tun tuni, kara ya bushe, kuka ta zubar da ganye. A cikin wannan fili kuwa sai ido ya faɗa kan wani itace kore shar, awaki da tumaki sun yi cincirindo a gindinsa. Wannan shi ne gawo.

Al'amarin gawo abin mamaki ne. Da damina, sa'ad da kowane tsiro ke murna, shi sai ya kaɗe ganyensa, har ake masa zambo wai ya ƙi ruwan Allah. Ruwa na ɗaukewa sai ya yi toho, ya fid da fure mai ruwan ɗorawa-ɗorawa wanda ƙudan zuma ke rububi. Kafin bazara 'ya'yansa sun nuna suna zuba, daidai lokacin da dabba ba ta da abin kaiwa baki. Saiwarsa ce ke nutsawa can ƙasa ta sha ruwa. Ganyen da ya zubar shi ne takin gona, kuma da yake ba ya inuwa da damina, geron da ke gindinsa yakan fi na fili kyau. Kowane manomi ya san haka.

Mai karatu, a wannan wata na Fabrairu ne mutanen garin Kawazu na ƙasar Japan ke bikin wani itace da suke kira sakura. Nasu yana riga na yawancin sassan ƙasar yin fure, tun sanyi bai wuce ba. A 1955 aka tsinci dashensa na farko, yanzu kuwa akwai wajen 8,000 a garin, baƙi suna tururuwa don kallo, masu masauki da 'yan kasuwa suna samun abin sawa a aljihu. Fure kawai suka gani suka tattala. Mu da namu ke ciyar da dabba da gona, gatari muke kai masa.

Da ba haka abin yake ba. A ƙarni na 19 sarakunan Damagaram sun kafa doka mai tsanani a kan saran gawo. Bayan farin 1973 da na 1984, manoman Maraɗi da Damagaram suka koma barin toho a gonakinsu suna yi masa sassabe, har aka farfaɗo da ƙasa wajen hekta miliyan 5. Yobe kuwa tana cikin jihohi 11 da hamada ke barazana gare su, ga masu itacen girki da masu gawayi ba sa hutawa.

A ƙasar Bade ana bikin kamun kifi a Gogaram, jama'a na zuwa daga nesa. Me zai hana masarautun Bade da Nguru su keɓe rana guda ta gawo, a karrama manomin da ya fi kowa raya shi a gonarsa, a fita da 'yan makaranta su ga furensa? Yaron da ya san amfanin itace tun yana ƙarami, da wuya ya ɗaga masa gatari in ya girma.