Gina Manhaja Hawa-Hawa: Misalin Rabon Gado a Ƙasar Daura

Masu gina manhajar kwamfuta kan kasa ta hawa uku: na sama wanda mai amfani ke gani, na ƙasa mai adana bayanai, da na tsakiya mai ɗauke da ƙa'idojin aikin kansa. Tsarin yana bin ra'ayin da Edsger Dijkstra ya bayyana a 1974, cewa a ware kowane al'amari a dube shi shi kaɗai.

A ƙaddara za a gina manhajar lissafin gado don mutanen Daura. A fiƙihun Malikiyya, matar mamaci tana da sumuni idan ya bar ɗa ko 'ya, rubu'i idan bai bar zuriya ba. Wannan hukunci ba ruwansa da naira ko sefa, alhali dangi ɗaya kan rabu tsakanin Daura da Damagaram, iyakar Kwangwalam a tsakaninsu. Haka ma rubutu: wani boko ya iya, wani ajami, kuma abin da Nijeriya ke rubutawa 'ya'ya, Nijar ƴaƴa take rubutawa. Duk wannan hurumin hawan sama ne.

Idan aka cakuɗa su, mai gyaran harafi na iya taɓa kason mai takaba bai sani ba. Idan kuwa aka ware, malamin fara'ili zai bi ƙa'idojin ɗaya bayan ɗaya, har mas'alar auli, inda kason magada ke zarce dukiya a rage wa kowa gwargwadon rabonsa. Rarrabewar tana ƙara aiki da farko, shi ya sa masu gaggawa ke tsallake ta.