Suna Ɗaya, Hali Daban-daban: Dangin Hapis da Kumburin Muƙamuƙin Yara

Duk wanda ya taɓa jinyar zazzaɓin cizon sauro a Bauchi ya san 'yan ƙurajen nan masu ruwa da kan feso a gefen leɓe idan zazzaɓi ya fara sauka. Mutane kan ce ai ciwon ne ke fita. Alhali wata ƙwayar cuta ce dabam, bairos ɗin da likitoci ke kira hapis. Tun mutum yana yaro take shiga jikinsa, ta laɓe cikin jijiyar fuska, sai ranar da garkuwar jiki ta yi sanyi ta leƙo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50, wato kashi 64 cikin ɗari, suna ɗauke da ita, kuma akasarinsu ba su sani ba. Amma ita ɗin ce dai kan hau ƙwaƙwalwar wani ta kumbura ta, ta lalata idon wani, ta kashe jariri ɗan kwanaki.

Hapis dangi ne, ba ƙwaya ɗaya ba. Takwas daga cikinsu ke kama ɗan Adam, wasu masanan ma tara suke ƙirgawa. Akwai mai kawo ƙarambau, wadda kan dawo wa mutum da tsufa ta yi masa ɗamarar ƙuraje masu raɗaɗi a ɓari ɗaya na jiki. Akwai ta al'aura, wadda ke jikin mutum miliyan 520 a duniya. Halinsu guda: in sun shiga, sun shiga ke nan har ƙarshen rai. To me ya sa ɗaya zai rayu da ƙwayar shekara saba'in lafiya lau, maƙwabcinsa kuwa ta kai shi kushewa? Inda wannan tambaya ta fi ciwo a ƙasarmu shi ne a kan yara.

A shekarar 1958 wani likitan fiɗa ɗan Ayaland, Denis Burkitt, da ke aiki a asibitin Mulago na Kampala, ya wallafa bayanin wata sankara da ke kumbura muƙamuƙin ƙananan yara. Da ya bi sawunta a faɗin Afirka sai ya tarar tana bin wurare masu zafi da ruwan sama, tana ƙaurace wa tsaunuka masu sanyi. Wani masani a Landan, Anthony Epstein, ya saurari laccarsa a 1961, ya roƙi a riƙa aiko masa da samfurin ƙarin. A 1964 shi da Yvonne Barr da Bert Achong suka hango bairos a ciki, sabuwar 'yar dangin hapis, wadda yau ake kira Epstein-Barr. Ita ce bairos ta farko da aka kama da hannu a sankarar ɗan Adam.

Najeriya na da babban kaso a wannan tarihi, kodayake ba a cika faɗa ba. A Asibitin Koyarwa na Ibadan, a 1963, Robert Pulvertaft ya raya ƙwayoyin da aka ɗebo daga ƙarin wani yaro ɗan shekara 11. Ƙwayoyin nan, da ake kira Raji, har gobe suna hayayyafa a ɗakunan bincike na duniya. A Ibadan ɗin ne kuma Victor Anomah Ngu, likita ɗan Kamaru, ya yi aikin nuna cewa magani na narkar da wannan ƙari, aikin da ya sa yana cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker a 1972.

Sai dai gano bairos ɗin bai warware ƙullin ba, ƙara ɗaure shi ya yi. Fiye da mutum tara cikin goma na manyan duniya suna ɗauke da Epstein-Barr. Ta yawu take bi, kuma a irin gidajenmu, inda ake sumbatar yaro, a tauna masa abinci, a sha da kofi ɗaya, yawancin yara sun same ta kafin su cika shekara uku. Wannan ba laifin kowa ba ne, haka ake reno a ko'ina cikin yankin. Amma sankarar ba ta kama sai 'yan ƙalilan cikin kowane yara dubu ɗari a shekara.

Wani ɓangare na amsar yana cikin ita kanta ƙwayar. Manomin Ganjuwa ya san kaura da farfara duk dawa ce, amma ba ɗaya suke ba wajen launi da nuna da abin da suke so a gona. Haka bairos. Kundin gadon Epstein-Barr haruffa ne wajen 172,000, an fara karance su duka a Cambridge a 1984. Duk lokacin da ƙwayar ta kwafi kanta, harafi na iya sauyawa, wani yanki na iya zubewa, iri biyu da suka haɗu a jiki ɗaya kuma na iya musayar sassa. Ita kanta ta cikin ƙwayoyin Raji ta rasa wasu yankuna, shi ya sa ba ta iya kammala haihuwar sababbin ƙwayoyi.

Manyan nau'o'inta biyu ne. Na ɗaya ya mamaye duniya. Na biyu ya fi yawa a tsakiyar Afirka da tsibirin Niu Gini, kuma a ɗakin gwaji bai kai na ɗaya ƙarfin tilasta wa fararen ƙwayoyin jini su yi ta rarrabuwa ba. Wani bincike da aka wallafa a 2020 kan yaran yammacin Kenya ya samu nau'i na ɗaya a wajen uku cikin huɗu na masu sankarar, a masu lafiya kuwa kusan rabi. Hujjar da ta fi wannan ƙarfi daga Sin ta fito. A kudancin ƙasar, musamman lardin Guangdong, bairos ɗin ba muƙamuƙin yara take kamawa ba, sankarar bayan hanci take jawo wa magidanta. A 2019 masu bincike suka nuna cewa sauyi a wurare biyu kacal na wani sashe mai suna BALF2 shi ke ɗauke da kashi 83 cikin ɗari na haɗarin cutar a can, kuma wannan irin ba kasafai ake ganinsa a wajen Asiya ba. Harafi biyu cikin dubu ɗari da saba'in.

Duk da haka, a ganina kuskure ne a ɗora wa irin ƙwayar komai. Binciken Kenya alaƙa ya nuna, kuma rabin yaran da ke lafiya ƙalau su ma nau'i na ɗayan ne a jikinsu. Abin da taswirar Burkitt ke nunawa tun farko shi ne sauro. Zazzaɓin da ke maimaita kansa damina bayan damina yana yin ɓarna biyu. Yana raunana dakarun jikin da ke tsare bairos ɗin, sai ta yi yawa. Yana kuma ingiza fararen ƙwayoyin jinin da take zaune a ciki su yi ta rarrabuwa suna gyaggyara kundinsu don ƙera makamin yaƙi da zazzaɓin. Cikin wannan gaggawa wata rana sai a yi kuskure: wani yanki na kuromosom na 8, mai ɗauke da umarnin girma da ake kira MYC, ya tsinke ya manne da na 14, kusa da makunnin da ba ya mutuwa. Ƙwayar da ta yi irin wannan kuskure kamata ya yi ta kashe kanta. Bairos ɗin ce ke hana ta mutuwa, daga nan ƙari ya soma.

Ke nan gidan sauron da uwa ke ɗaurawa a Jahun ko Gwallameji, da maganin rigakafin zazzaɓi da ake bi gida-gida ana bai wa 'yan wata 3 zuwa 59 a lokacin damina, suna taɓa tushen wannan sankara, ko da ba don ita aka kawo su ba.

Shi ma jikin mutum yana da nasa gadon. Tawagar Jean-Laurent Casanova a Faris ta gano a 2006 da 2007 cewa wasu yaran da hapis ɗin leɓe ke hau wa ƙwaƙwalwa an haife su ne da naƙasu a wata ƙararrawar garkuwa da ya kamata ta sanar da shigowar bairos. Ƙwayar ta kowa ce, mai gadin ne bai ji ba. Jariri kuwa garkuwarsa ba ta gama tsayuwa ba gaba ɗaya, don haka mai ƙurji a leɓe, ko kaka ce ko gwaggo, ta haƙura da sumbatarsa ranar suna.

Cewa 'yan haruffa kaɗan na iya juya halin ƙwaya, ɗan Adam ya ci moriyarsa, ya kuma sha wuyarsa. Michiaki Takahashi na Jami'ar Osaka ya ɗauki bairos ɗin ƙarambau ya yi ta renonta a ɗakin gwaji har ta sauya a wurare wajen arba'in, ta rasa kaifinta, ta zama allurar rigakafi a 1974. A ɗaya gefen, maganin asaikulobir sai wani sinadarin bairos ɗin ya kunna shi kafin ya yi aiki. In wannan sashe ya sauya, magani ya zama hoto. Hakan ba kasafai yake faruwa ga mai ƙoshin lafiya ba, ya fi aukuwa ga wanda garkuwarsa ta karye, kamar mai ƙanjamau da ya daɗe yana shan maganin.

Masu kiwon kaji a Bauchi ma sun san wata 'yar wannan dangi, ko da ba su san dangantakar ba. Cutar Marek ce, wadda ke shanye ƙafar kaza ka gan ta kwance, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya. Lokacin da likitan dabbobi ɗan Hangari József Marek ya bayyana ta a 1907 cuta ce mai sauƙi ta tsofaffin zakaru. Yau akwai irin da kan kashe 'yan tsakin da ba a yi wa rigakafi ba cikin kwana goma. Allurar da aka fara a 1970 tana hana kaza ciwo amma ba ta hana ta yaɗawa, kuma binciken Andrew Read na 2015 ya nuna yadda hakan ke bai wa mugun iri damar wanzuwa. Wannan ba dalilin barin allura ba ne. Dalili ne na sa ido a kan irin da ke yawo, aikin da ya dace da cibiya irin ta binciken cututtukan dabbobi da ke Vom, wadda ke nan tun 1924.

Sa idon nan shi ne abin da nake so in ga mun yi wa yaranmu. Akasarin kundayen Epstein-Barr da aka karance daga Sin da Turai da Amurka da gabashin Afirka suka fito, kuma da irin waɗannan bayanai ake tsara alluran rigakafin da ake gwadawa yanzu. Ba wai ba mu iya ba: a Ede, cibiyar da Christian Happi ke jagoranta ce ta fara karance kundin korona a nahiyar Afirka a watan Maris na 2020. Bauchi kuma, da yake tana sahun Ondo da Edo wajen yawan masu zazzaɓin Lasa, ta riga ta saba da gwajin ƙwayoyin gado. Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin jiha ba: rajistar sankarar yara da ake cikewa da gaske, firjin da wutarsa ba ta yankewa don adana samfuri bisa yardar iyaye, da matasan masana da za a ba kuɗin aiki.

Kafin nan akwai abin da ba ya jiran bincike. Ƙarin Burkitt na cikin mafi saurin girma a jikin ɗan Adam, ƙwayoyinsa kan ninka cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Ya fi kama 'yan shekara huɗu zuwa bakwai, maza fiye da mata. Sau da yawa akan ɗauka hangum ne ko ciwon haƙori, a je kemis, a je wajen wanzami, a shafa wannan a jiƙa wancan, mako uku ya wuce. Hangum kan saɓe cikin mako guda ko kwana goma. Wannan kuwa kullum ƙaruwa yake, sau da yawa ba zafi, haƙoran wajen su fara girgiɗi, ido ya turo, ko ciki ya kumbura, wani yaron ma ƙafafunsa su mutu farat ɗaya. Saurin girman nasa shi ne kuma rauninsa, domin maganin sankara ƙwayar da ke rarrabuwa yake kamawa, har likita kan ga kumburin ya fara sauka cikin 'yan kwanaki. A ƙasashe masu hali yara tara cikin goma na warkewa. A yawancin Afirka adadin bai kai haka ba ko kusa, saboda zuwa a makare, da tsadar magani, da yanke jinya da zarar fuska ta koma daidai. Wanda ya ga waɗannan alamu a jikin ɗansa, ko a Toro yake ko Ningi ko Alkaleri, ya nemi a tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a cikin makon, a ɗebi tsokar wajen a duba, in kuma an fara allurai a kai su har zagayen ƙarshe da likita ya rubuta.